Abin da Ya Sa Birnin Kano Bai Manta da Mista Indiya Ba

Duk wanda ya saba zama a majalisun magidanta na cikin birnin Kano, irin waɗanda ake shimfiɗa wa tabarma a ƙofar gida bayan sallar Isha'i a Yakasai ko Mandawari ko Soron Ɗinki, ya san akwai waɗansu zantuka da ba su tsufa, ko da yake an maimaita su har kowa ya haddace. Kuma daga cikinsu, in an gama da siyasa da tsadar hatsi, akwai zancen finafinan da aka kalla a zamanin ƙuruciya. Abin mamaki a nan shi ne, mutanen da furfura ta fara keto musu, waɗanda ke ɗauke da nauyin iyali da na kasuwa, waɗansu ma limamai ne a masallatan unguwa, da zarar wani ya ambaci Mogambo sai ka ga fuskoki sun saki, kowa yana rige-rigen faɗin wurin da ya fi burge shi, alhali kuwa in ka tambaye su labarin fim ɗin da suka kalla bara, da ƙyar wani zai iya kawo rabinsa. Wannan al'amari ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira, domin abin da ya zauna a zukatan jama'a kusan shekara arba'in bai gushe ba, lalle akwai dalilin zamansa, ko da ma'abota ilmi sun ɗauke shi wargi.

Fim ɗin da muke magana a kansa shi ne Mr. India, wanda ya fito a ƙasar Indiya cikin shekarar 1987, Shekhar Kapur ya ba da umarni, Boney Kapoor ya ɗauki nauyi, marubuta biyu da suka shahara tare, Salim Khan da Javed Akhtar, su ne masu labarin. Anil Kapoor ne jarumin, ya fito a matsayin Arun, wani talaka mai kaɗa goge irin na Turawa, wanda ya tara marayu kimanin goma a wani tsohon gida na haya a bakin teku, yana ciyar da su da ɗan abin da ya samu, tare da wani kuku mai ban dariya da ake kira Kalanda. Mahaifin Arun masanin kimiyya ne, ya ƙera wata na'ura mai kama da agogon hannu, wadda in mutum ya ɗaura ya danna sai ya ɓace wa idanu, ba mai iya ganinsa sai ta cikin jan haske ko jan gilashi. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai Mogambo, wanda Amrish Puri ya fito a matsayinsa, azzalumi mai zaune a wani tsibiri da sojojinsa da makamai masu linzami, wanda yaransa ke cuɗa tsakuwa cikin hatsin talakawa, kuma suke neman ƙwace gidan marayun domin su mai da shi ma'ajiyar makamai. Sridevi ita ce 'yar jaridar da ta kama hayar ɗaki a gidan, tana ƙin hayaniyar yara, har ranar da ta gane cewa shirun da suka yi na yunwa ne. Iyakar labarin ke nan, kuma mai karatu zai ga ba wani zurfi gare shi ba wanda zai gagari yaro ɗan shekara bakwai.

Kafin a fahimci yadda wannan labari ya sami mazauni a cikin ganuwa, wajibi ne a san yadda birnin ya ɗauki silima tun asali, domin ba da hannu biyu ya karɓe ta ba. Gidan silima na farko da ya kafu sosai a Kano, wato Rex, an buɗe shi ne a 1937 a Sabon Gari, can wajen birni, inda baƙi suke. Kuma malamai sun daɗe suna ƙyamar abin, saboda mas'alar surori da kuma irin mutanen da ke taruwa a wurin. A 1951 gobara ta tashi a gidan silima na El Duniya, mutum 331 suka halaka, jama'a da yawa kuwa suka ɗauki wannan musiba a matsayin ishara daga Ubangiji. Da aka buɗe Palace a 1952 a wajen Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, wato a tsakiyar birni, sai da hukuma ta sa 'yan doka su tsare masu shiga daga jifan samari; kuma ba a rabu da ƙorafi a kan gidan nan ba har zuwa 1983, lokacin da Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe shi aka mai da shi asibiti. Saboda haka a shekarar da Mista Indiya ya fito, gidajen silimar da suka rage suna bakin ganuwa ne ko bayanta, irin su Orion a Ƙofar Wambai, da Plaza da Wapa a Fagge, da El Dorado a Sabon Gari, kuma ɗan mutunci ba ya so a gan shi a layin tikiti, balle mace, balle yaro ƙarami wanda ake jiransa a makarantar dare.

Abin da ya buɗe wa fim ƙofar gidajen birni shi ne akwatin talabijin, sa'an nan na'urar bidiyo. Tashar tarayya ta NTA ta fara aiki a Kano tun cikin shekarun 1970, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa CTV a 1982, dukansu biyu suna sa finafinan Indiya, waɗanda 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da su gidajen silima tun shekarun 1950. Da kaset ya yawaita, aka sami shagunan haya a lunguna, sai abin da aka hana yaro ya je ya gani ya biyo shi har tsakar gida, ya zauna tsakanin uwa da kaka da ƙanne. Wannan bambanci yana da girma ƙwarai. Mutumin da ya kalli fim a Plaza yana tuna shi tare da hayaƙin taba da ashar da tsoron kada a gan shi. Wanda kuwa ya kalle shi a ɗakin uwarsa, ko a zauren wani attajirin unguwa da ya yarda yara su shigo ranar Salla, yana tuna shi tare da fuskokin 'yan'uwansa, kuma ba ya jin kunyar ambatonsa a gaban kowa. Mista Indiya yana cikin finafinai ƙalilan da suka dace da irin wannan kallo, domin yara ne cike da shi, kuma dariyarsa ta fi soyayyarsa yawa.

To, amma finafinan da aka kalla a tsakar gida suna da yawa, kuma galibinsu an manta da su. Me ya keɓance wannan?

A ganina dalili na farko shi ne, abin al'ajabin da ke cikinsa ya tarar da gurbinsa a shirye cikin tunanin Bahaushe. Ba yaron da ya tashi a birnin Kano bai ji labarin layar zana ba, wadda ake cewa mai ita yakan ɓace a tsakiyar taro, ko baduhu da ɓarayi da mafarauta ke alfahari da shi. Kuma littattafan da aka karanta a firamare, tun daga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara har zuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi, cike suke da aljannu da zobba da abubuwan da ke keta al'ada. Saboda haka lokacin da Arun ya danna na'urarsa ya ɓace, kujera ta tashi da kanta, bulala ta shiga dukan azzalumi ba a ga mai riƙe da ita ba, yaron Kano bai bukaci wani ya yi masa bayani ba. Ya riga ya san wannan, abin da ya rage masa kawai ya gani da idonsa, ga shi kuwa an nuna masa. Sai dai akwai wani abu sabo a ciki wanda yaran ba su lura da shi ba a lokacin, amma ya yi aiki a zukatansu. Malamanmu na tauhidi, in suna bayanin abubuwan da ke saɓa wa al'ada, sukan rarrabe tsakanin mu'ujizar annabawa, da karamar waliyyai, da istidirajin fasiƙai, da sihirin masihirta. Na'urar Arun kuwa ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin ba a yi tsafi ba, ba a yanka wa aljani baƙin bunsuru ba, mutum ne kurum ya zauna a ɗakin bincike ya yi karatu ya yi lissafi har ya ƙera ta, kuma tana da iyaka da ƙa'ida kamar kowace sana'a, tunda jan haske yana tona asirinta. Wannan ita ce fa'idar irin waɗannan hikayoyi na kimiyya: suna gaya wa yaro cewa abin al'ajabi yana iya fitowa daga ilmi, kuma duk abin da ilmi ya ƙulla, ilmi yana iya kwance shi. Na tabbata ba kaɗan ba ne yaran da suka ɗaura murfin kwalba a hannu da zare suna danna shi, ko suka leƙa duniya ta cikin jar ledar alewa suna neman wanda ya ɓace, kuma wanda ya yi haka ya yi gwaji ne irin na masu bincike, ko da bai san sunansa ba.

Kada kuma a zaci Bahaushe bai taɓa tunanin irin wannan hikaya da kansa ba sai da Indiyawa suka kawo masa. Tun a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro, Kilba, wanda wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya, kuma an karanta littafin a makarantu. Za mu komo kan wannan.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne maraici da yunwa. Yaron birni yana fara karatun allo ne daga gajerun surori, kuma tun bai iya wanke allonsa da kansa ba ya riga ya haddace surorin Duha da Ma'un, waɗanda ke gargaɗi a kan wulaƙanta maraya da ƙin ciyar da miskini; ya kuma tashi a gida inda riƙo ba baƙon abu ba ne, inda za ka tarar da ɗan ƙanin maigida da 'yar ƙanwar uwargida da almajirin da ke ɗebo ruwa duk suna ci a akushi ɗaya. Gidan Arun, da yaransa masu yawa da ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, masu kwana a jere suna faɗa suna shiryawa, gida ne da ɗan Kano ya sani. A nan ne za a ga hikimar kwatanta shi da E.T., wanda Steven Spielberg ya fitar a Amurka a 1982, kuma wanda mutanen can suke begensa kamar yadda namu suke begen Mista Indiya. Ba shakka E.T. ya fi shi kyawun aiki nesa ba kusa ba; amma ginshiƙinsa kaɗaici ne, wato yaro a gida mai faɗi, uba ya tafi, uwa tana wurin aiki, ba shi da abokin sirri sai wata halitta da ta faɗo daga sama. Yaron da ke kwana da 'yan'uwa shida a ɗaki ɗaya a Ƙoƙi ko Alfindiki, wanda bai taɓa samun sa'a guda shi kaɗai ba tun da aka haife shi, yana iya jin tausayin wancan yaro, amma ba zai ga kansa a cikinsa ba. Ciwonsa dabam ne, kuma Mista Indiya ne ya taɓa shi.

A tuna kuma da zamanin da fim ɗin ya iso. A 1984 mutane sun sha layin sayen madara da sukari da sabulu, a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu da aka sani da SAP, darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai wata, gidaje da yawa da suka saba cin abinci sau uku suka koma biyu. Yaro ba ya karanta jarida, amma yana ganin fuskar uwarsa in kuɗin cefane bai zo ba, yana kuma jin manya suna tsine wa masu ɓoye kaya da masu algus. Sai ga fim yana nuna masa mai kanti ya hana marayu bashi, tukunya ta kwana biyu ba a ɗora ta ba. Sa'an nan ga wani da ba a gani ya ɗauke teburin abincin azzalumai cur ya kai wa mayunwata a bakin titi, ya kuma tilasta wa masu cuɗa tsakuwa a hatsi su ci tsakuwar da kansu. Wannan hukunci ne irin wanda littattafan fiƙihu suka ɗora wa muhtasibi, mai duba mudu da sikeli a kasuwa, kuma shi ne irin adalcin da talaka ke mafarki in ya ga hukuma ta yi nisa da shi. Mogambo da makamansa da tafkin ruwan batir da yake sa sojojinsa su faɗa, waɗannan abin tsoro ne mai daɗi, irin na dodo a tatsuniya. Amma mai algus kowa ya san shi, yana nan a kasuwa, shi ya sa dukan da ya sha ya fi sanyaya zuciya.

Akwai kuma wurin da Tina, ƙaramar yarinya daga cikin marayun, ta mutu, sa'ad da bam ɗin da aka ɓoye cikin abin wasa ya tashi da ita. Mutane da yawa daga cikin waɗanda suka kalla suna yara sukan ce nan ne suka fara kuka saboda wani wanda ba su sani ba, kuma ba ɗan garinsu ba, ba ma mai addininsu ba. Masu shirya finafinan yara na yanzu sukan guji irin wannan, suna ganin bai kamata a nuna wa yaro mutuwa ba. Amma yaron birni ya san makara, ya ga an fita da ƙaninsa a lokacin ƙyanda ko sanƙarau, kuma labarin da ya ɓoye masa abin da ya riga ya sani ba zai riƙe shi da daraja ba.

Wata mas'ala kuma da ke ƙarƙashin labarin, wadda yaro ba zai iya furta ta ba amma yana jin ta, ita ce tambayar abin da mutum zai aikata in ya tabbata ba mai ganinsa. Tsohuwar tambaya ce. Aflatun, masanin falsafar Yunanawa, ya kawo hikayar wani makiyayi da ya tsinci zobe mai ɓatar da mutum, bai tsaya ko'ina ba sai da ya kashe sarki ya gaje gadonsa. Marubucin Ingila H. G. Wells kuma, a littafinsa na 1897 a kan mutumin da ba a gani, ya sa gwaninsa ya haukace da mugunta. Su duka biyu sun tafi a kan cewa kunyar idon mutane ce ke tsare yawancinmu daga ɓarna. Mu kuwa an karantar da mu tun muna ƙanana cewa ba inda mutum zai shiga ya ɓace wa Mahaliccinsa, kuma malaman tasawwufi, waɗanda Kano ba ta rasa su ba tun daga Ƙadiriyya har Tijjaniyya, sun gina babin muraƙaba a kan haka. Arun, ko da yake ba Musulmi ba ne a labarin, ya yi abin da wannan tarbiyya ke bukata: ya sami ikon shiga kowace taska bai ɗauki ko anini don kansa ba, ya ci gaba da zama cikin tsohuwar kwat da hularsa da ta kwana biyu. A ƙarshe ma, da Mogambo ya gane sirrin ya kunna jajayen fitilu ko'ina, sai Arun ya bar dogara da na'urar ya fuskance shi a fili a matsayinsa na talaka. Iyaye da yawa da suka zauna suka kalla tare da 'ya'yansu ba su ga abin da za su hana ba a wannan darasi.

Duk da haka zan yi wa mai karatu rowa in na bar shi da zaton cewa duk sirrin yana cikin fim ɗin ne, domin rabinsa yana wurin masu kallo. Yaran nan ba su jin Indiyanci, kuma kaset ɗin da ya sha haya, hotonsa yana rawa, ko da akwai rubutun Turanci a ƙasa ba mai iya bin sa. Saboda haka a kowane zaure akwai wani yaro babba wanda ya riga ya kalla, shi ne tafinta, yana gaya wa saura abin da bos ya ce da abin da jarumi ya mayar masa, rabi daga abin da ya fahimta rabi daga ƙirjinsa. In an ɗauke wuta a tsakiya, shi zai ƙarasa labarin da baki cikin duhu, gobe kuma a makaranta kowa ya ba da nasa da ƙari. Ta haka kowace unguwa ta sami nata Mista Indiya, kowane yaro kuma ya sa hannu a ƙirƙirarsa, kuma mutum ba ya manta abin da ya gina da kansa. Ga kuma ƙarancin abin: ba kullum ake samu ba, sai an jira, sai an yi wanka an yi aike an roƙi izini, wani lokaci sai an leƙa ta taga saboda ɗaki ya cika. Yau da aka sami masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, irin su kamfanin Algaita, yaro yana jin kowace kalma, ya huta da tafinta, amma kuma ba a bar masa gurbin da zai cika da nasa tunanin ba.

Wajibi ne kuma a saurari masu suka, domin suna da hujja. A cikin fim ɗin akwai wurin da gunkin Hanuman na zinariya ya tashi yana dukan wani Bature mai fasa-ƙwauri, har ya sa shi ya yi masa kirari. Mai kallo ya san Arun ne ke riƙe da gunkin, amma malamin da ya ce bai dace a saba wa yaran Musulmi da ganin gunki yana taimako ba, bai faɗi abin banza ba. Akwai raye-raye, musamman waƙar da Sridevi ta yi cikin shuɗin sari a jiƙe, wadda a gidaje da yawa akan tura kaset gaba in an zo wurinta, ko a aiki yara ɗebo ruwa. Waɗanda kuma suka ce finafinan Indiya ne suka koya wa masu fim na Kano rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa, abin da ya jawo gardama mai tsawo har aka kafa hukumar tace finafinai ta jiha a 2001, su ma tarihi yana bayansu. Abin da zan ce kawai shi ne, waɗanda suka kalli Mista Indiya suna yara, in ka saurari abin da suka riƙe, ba gunkin ba ne kuma ba sarin ba. Marayun suka riƙe, da mai algus, da jan gilashi.

Sa'an nan shi kansa begen yana da yaudara, kuma ya kamata mai hankali ya san haka. Ɗaliban zaure da suka karanci waƙoƙin jahiliyya a gaban malamansu sun san yadda Imru'ul Ƙaisi da takwarorinsa ke buɗe ƙasida da tsayawa a kufai suna kuka, sun kuma san ba duwatsun murhu da kashin raƙuma ake yi wa kukan ba, waɗanda suka tashi daga wurin ake yi wa. Haka magidancin da ya nemo Mista Indiya a wayarsa yau: zai tarar da fim mai tsawon kusan sa'a uku, wanda dabarunsa na ɓacewa suka zama abin dariya ga ɗansa, fadar Mogambo kuma da ya ɗauka ta fi gidan sarki kwarjini, ashe katako ne da fitilu masu walƙiya. Kamar rigar Sallar ƙuruciya ce da aka ciro daga adaka, tana nan yadda take, mai ita ne ya yi girma. Abin da yake nema a ciki shi ne kakar da ke gyangyaɗi a gefe tana tambaya ko an kashe mugun, da wan da ke tafinta wanda yanzu yana Legas ko yana kabari, da zauren da aka rushe aka yi shaguna. Waɗancan shekarun kuwa ba na jin daɗi ba ne ga iyayensa, kamar yadda muka gani. Shi ne dai ba a ɗora masa nauyinsu ba. Su ma 'yan wasan sun bi hanyar kowa: Amrish Puri, wanda yara da yawa ba su san sunansa na yanka ba sai Mogambo, ya mutu a 2005, Sridevi a 2018, Satish Kaushik mai fitowa a Kalanda a 2023.

Ƙannen waɗannan magidanta suna da nasu, wato Koi Mil Gaya na 2003, wanda Rakesh Roshan ya shirya, inda Hrithik Roshan ya fito a matsayin saurayi mai hankalin yara da ya yi abota da wata shuɗiyar halitta daga sama mai suna Jadu, mai samun ƙarfi daga hasken rana. Wannan ya zo a zamanin faifan CD, kuma su ma in sun taru haka suke yi. Wannan ya nuna al'amarin ba na tsara ɗaya ba ne: kowane yaro yana da 'yan shekaru ƙalilan da ƙofar mamakinsa take a buɗe, kuma duk labarin kirki da ya shiga a lokacin ya zauna ke nan.

Nan ne kuwa abin ya zama abin tunani ga masu sana'ar fim na garin nan. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, Kano ta zama cibiyar fim ɗin Hausa, an yi dubbai, amma mafi yawansu a kan soyayya da kishi da rikicin gado suke, yara kuwa ba a cika sa su ba sai a matsayin 'yan aike ko abin tausayi. An ɗauko rawa da waƙa daga Indiya, an bar abin da ya fi su amfani, wato labarin da uba zai zauna ya kalla da 'ya'yansa ba tare da ya riƙe abin tura kaset a hannu ba, wanda kuma zai sa yaro ya tashi yana so ya san yadda haske yake aiki. Uzurin da aka saba kawowa shi ne kuɗi da kayan aiki, amma dabarun da aka yi Mista Indiya da su a 1987, kafin kwamfuta ta shiga wannan sana'a sosai, yau ɗalibi yana iya yin waɗanda suka fi su a kwamfutar cinya. Ba a kuma rasa labari ba, ba a rasa misali ba, tunda Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim tun 1976. Tauraruwa Mai Wutsiya yana nan fiye da shekara hamsin, da Hausa aka rubuta shi, domin yaran Hausawa. Sai masu shirya finafinai na Kano su nemi izinin masu haƙƙinsa, su ɗauko shi su yi wa yaran yanzu.